Algus a Birki da Taya da Jakar Iska

Daga cikin sassan da ake harhaɗawa su zama mota, waɗanda yawansu ya kai dubbai in aka ƙidaya har da ƙananan kusoshi da notuna, akwai waɗanda in sun lalace iyakar abin da zai sami mai motar shi ne ɓacin rai da asarar kuɗi, ko kuwa kwana a gefen hanya, kamar batir da lagireto da fanbel. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan waɗanda ran direba da na fasinja da na mai tafiya a ƙasa ke rataye a kansu, watau birki da taya da bel ɗin kujera da jakar iska da gilashin gaba da ƙarafan da ke haɗa sitiyari da ƙafafun mota. A kan wannan kashi na biyu nake nufin in yi magana, domin jabunsu sun yawaita a kasuwannin duniya, tun daga na Amurka da na Turai har zuwa namu, kuma aibinsu yana da wata siffa wadda ta raba shi da aibin sauran haja. Wanda aka cuta da jabun shadda yakan gane tun a wankin fari, ya naɗe kayansa ya koma wurin mai kanti ya nemi haƙƙinsa. Amma wanda aka sa wa jabun jakar iska a sitiyari yana iya shekara biyar yana tuƙi hankalinsa kwance, yana zaton yana da kariya, alhali aibin ba zai bayyana ba sai a lokacin da babu sauran damar mayar da kaya ga mai su.

Ya kamata mu fara da jakar iskar nan, wadda kanikawa ke kira eyabag, domin ita ce mafi ɓuya daga ido, ita ce kuma mutane suka fi jahiltar yadda take aiki. A naɗe take a tsakiyar sitiyari da cikin dashbod a gaban fasinja, a wasu motocin har da gefen kujeru da saman ƙofofi, kuma a bayan kowace jaka akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadari. Idan mota ta yi karo, na'urorin da ke jin ƙarfin bugu sai su kai wa ƙwaƙwalwar motar labari, ita kuma ta auna ta ga ko bugun ya isa a buɗe jaka, in ya isa sai ta saki lantarki ya kunna sinadarin, ya ƙone nan take ya zama iska, iskar ta cika jakar, jakar ta tsaga murfinta ta fito ta tari fuskar mutum da ƙirjinsa kafin su isa ga ƙarfe da gilashi. Duk wannan kuwa yana aukuwa ne a cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin 20 na sakan ba. Saboda haka al'amarin gaba ɗaya a kan awo ya tsayu. In sinadarin ya gaza, kan mutum zai riga jakar isa. In ya yi yawa, ko gwangwanin ya yi rauni, sai ƙarfen ya tarwatse, gutsattsarinsa su nufi wuya da idanun wanda aka yi nufin a tsare. Hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da NHTSA, ta ƙiyasta cewa jakunkunan gaba sun tserar da rayuka fiye da 50,000 a ƙasar tsakanin 1987 da 2017.

A watan Oktoba na 2012 hukumar nan ta yi wa jama'a gargaɗi cewa jabun jakunkunan iska sun shigo kasuwa, ɗauke da tambarin manyan kamfanonin mota, ido ba ya iya raba su da na gaske. Da ta gwada su kuwa sai ta tarar wasu ba sa buɗewa sam, wasu kuma suna watso wuta da ɓaraguzan ƙarfe. A farkon shekarar wata kotun tarayya a jihar Tenesi ta ɗaure wani ɗan kasuwa daga ƙasar Sin wata 37 a kan wannan fatauci, kuma bayanin da ya fito a shari'arsa ya nuna yadda ake sana'ar: a sayi jaka ta gaske, a warware ta, a kwaikwayi siffarta, a nemo tambarin kamfani a manna, sa'an nan a tallata ta a intanet da kaɗan daga cikin kuɗin ta gaske. Siffa kam ana iya kwaikwayonta, amma gwaje-gwajen da kamfani ya shafe shekaru yana yi kafin ya tsayar da awon sinadari da kaurin ƙarfe, waɗannan ba a ganinsu a jikin kaya balle a kwafa. A watan Yuli na 2024 hukumar ta sake shela cewa mutum 3 sun mutu, 2 kuma sun sami raunukan da suka sauya musu kamanni, kuma dukan motocin biyar ƙissarsu ɗaya ce: sun taɓa yin haɗari, aka gyara su, aka sa musu kayan da ba su da inganci a gurbin na asali, suka koma kan hanya.

Mai karatu yana iya cewa wannan labarin Amurka ne, ina ruwan mai mota a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Ruwansa babba ne, zama galibin motocin da ke kan hanyoyinmu tsofaffi ne da aka yi amfani da su a Amurka da Turai, waɗanda muke kira Beljiyam ko tokunbo, kuma da yawa daga cikin masu zuwa daga Amurka motoci ne da suka yi haɗari, kamfanin inshora ya ga kuɗin gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu, ya biya masu su, ya kai su gwanjo, dillalai suka saya da araha suka ɗora a jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano ko Tema. A nan mai gyaran jiki zai buge ƙarfe ya miƙe, mai fenti ya fesa, mota ta fito tana ƙyalli. To, jakar da ta riga ta fashe fa? Ita sau ɗaya take aiki, haka nan ɗan abin da ke fizgar bel ya ɗaure mutum a kujera lokacin karo, shi ma sau ɗaya yake tashi. Mai gaskiya yakan nemo ta gaske, sabuwa ko wadda aka ciro lafiyayya daga irin motar, ya ɗora kuɗinta a kan farashi. Wanda bai ji tsoron Allah ba yakan sa jabu, ko kuwa ya yanke yagaggiyar jakar da reza, ya cusa tsumma ko soso a gurbinta domin murfin ya ji tauri in an danna, ya liƙe tsagar da gam ya shafa mata baƙin fenti, kana ya kira mai wayarin ya ɗaura wani ɗan ƙanƙanin abu a bakin waya wanda zai ruɗi ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka jaka tana nan, domin kada fitilar gargaɗi ta tona asiri. Wannan mota magidanci zai saya, ya tara abokai a yi masa addu'ar Allah ya tsare, ya zuba iyalinsa a ciki ranar Sallah ya nufi garinsu.

Akwai gwaji guda wanda ba ya cin ko kwabo, kuma ina roƙon duk mai mota ya yi shi yau. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ka dubi allon mita: fitilar nan mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa, ko mai haruffan SRS, ya kamata ta kama na 'yan sakanni sa'an nan ta mutu da kanta. In ta ƙi mutuwa, akwai matsala. In kuwa ba ta kama ba ko kaɗan, to wataƙila an cire ƙwanta ko an rufe ta. Sai dai wanda ya ruɗi ƙwaƙwalwar mota yana tsallake wannan gwaji, don haka kafin a biya kuɗin mota wajibi ne a kai ta wurin ƙwararre mai na'urar bincike, wanda ba shi da alaƙa da dillalin, ya duba murfin sitiyari da dashbod ko akwai alamar liƙi, ya ja kowane bel ya fizge shi ya ga ko yana kamawa.

Ba za a yi wannan magana a tsallake kamfanin Takata na Japan ba, ko da yake kayansa na gaske ne da aka yi kuskure a haɗinsu, aka kuma ɓoye kuskuren. Sinadarin da ya zaɓa, amoniyom naitiret, yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da damshi, har ya riƙa fasa gwangwanin da ke ɗauke da shi. An janye wajen miliyan 67 na waɗannan kaya a Amurka kaɗai, fiye da mutum 25 sun mutu a can, kuma a 2017 kamfanin ya amsa laifin zamba, ya yarda ya biya dala biliyan 1, sa'an nan ya karye a watan Yuni. Abin da ya shafe mu a nan biyu ne. Na farko, zafi da damshi su ne yanayinmu, kuma daga cikin motocin da aka ce haɗarinsu ya fi tsanani akwai Honda Accord da Civic na 2001 da 2002, waɗanda ba baƙi ba ne a titunanmu. Wadda aka fito da ita daga Amurka kafin a canja mata kaya tana nan da nata aibin. Kowace mota tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, kuma in aka shigar da ita a shafin NHTSA na intanet, kyauta, zai nuna ko akwai gyaran da aka yi kira a yi mata ba a yi ba. Na biyu kuwa, an iya kama Takata ne domin yana da suna da adireshi da littafin da ke nuna wace jaka ce ta shiga wace mota. Mai jabu ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, ba mai janye kayansa, ba mai biyan diyyar wanda suka kashe.

Birki kuwa, wanda kowane direba ke takawa sau ɗaruruwa a yini, aikinsa shi ne ya mayar da gudun mota zafi ta hanyar guga. Abin da ke gugar shi ne wanda kanikawa ke kira fad, watau wani haɗi na musamman da aka manne a jikin farantin ƙarfe, wanda aka gina shi domin ya riƙe kamunsa ko da ya yi zafin da hannu ba ya iya kusanta. Makircin jabun fad shi ne yana kamawa sarai a cikin gari, inda gudu kaɗan ne kuma birki yana samun sararin hucewa, har mai mota ya riƙa yabon arahar da ya samu. Sai ranar da aka yi lodi aka kama gangara mai tsawo, irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, inda ƙafa ke daɗewa a kan birki, nan ne haɗin zai yi santsi ko ya ɓanɓare daga farantinsa baki ɗaya. Ya kamata kuma a sani cewa in gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke bukata kafin ta tsaya takan ninka huɗu, saboda haka ƙaramar tawaya a kamun birki tana zama taku masu yawa a kan babbar hanya. A 2015 kamfanin Toyota ya gano a Ostareliya ana sayar da jabun fad da sunansa, masu ɗauke da asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo sankarar huhu. Wanda zai fara shaƙar wannan ƙura kuwa shi ne yaron gareji da ke hure ta da baki sa'ad da ake canji.

Man birki ma ba a bar shi ba, kuma sha'aninsa ya fi na fad ɓuya. Sharaɗin sabon mai na ajin DOT 3 shi ne kada ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin salshiyos, na DOT 4 kuma 230, alhali ruwa yana tafasa a 100. In an yi wa man gauraye, ko an bar shi a buɗe ya sha raɓa, domin ɗabi'arsa ce janyo damshi daga iska, sai ya tafasa a cikin bututu lokacin da birki ya yi zafi, ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, sai direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa babu kamu. Wannan yana daga cikin abin da ake nufi in an ce birki ya shanye. Saboda haka ba a sayen man birki na awo daga buɗaɗɗiyar kwalba, sai a gwangwani mai hatimi. Al'adar nan kuma ta zuba ruwan garin sabulu a madadinsa domin a ƙarasa tafiya, wadda wasu direbobi ke ɗauka dabara ce, kasada ce da rayukan bayin Allah.

Taya ita kaɗai ce ke taɓa ƙasa a duk jikin mota, kuma abin da ke taɓawar daga kowace ɗaya bai wuce faɗin tafin hannu ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008, kasuwar Nijeriya ta koma dogaro da abin da ake shigowa da shi, nagari da mugu. Daga cikin ha'incin da ake yi akwai cusa taya cikin taya, uku ko huɗu ko biyar a cikin guda, domin a rage kuɗin kwantena da na kwastan. Wayoyin ƙarfen da ke cikin bakin tayar sukan lanƙwashe ko su karye wajen cusawa da zarowa, ta iso sabuwa fil a ido alhali ta riga ta sami rauni. A 2017 hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, ta kama irin waɗannan tayoyi a wani sito a Legas, waɗanda ta ƙiyasta kuɗinsu ya kai naira biliyan 5. Akwai masu ɗaukar tayar da ta suɗe su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, suna cin naman robar da ya rage. Akwai kuma tayoyin da aka yi domin ƙanƙarar Turai, masu hoton dutse da ƙwayar dusar ƙanƙara a gefe, waɗanda robarsu mai laushi ce, ba a yi ta domin kwaltar Sakkwato a watan Afrilu ba. A gefen kowace taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai alƙaluma huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, watau 2319 yana nufin mako na 23 na 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗi a kan tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa, ko da yake wasu kamfanonin suna ba da wa'adin da ya fi haka. Ni dai ina ganin a zafi irin namu da ramukan hanyoyinmu, ɗaukar mafi tsanani daga cikin maganganun biyu ya fi kusa da ihtiyaɗi. Duk wajen da aka ga alamar kankara ko sabon tambari a kan waɗannan alƙaluma, a bar tayar ga mai ita. Mutane da yawa ba su farga da sha'anin taya ba sai bayan ranar 6 ga Maris, 2016, sa'ad da ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta baya ta fashe. Ba a ce tayar jabu ce ba, amma musibar ta nuna wa kowa abin da fashewar taya guda ke iya yi wa babbar mota mai tsada.

Sauran ba sai an tsawaita ba. Bol-joyin ko tayarod na banzan ƙarfe in ya karye, ƙafar mota ta kwanta ko sitiyari ya zama ba ya juya komai. Jabun rim an gwada shi a Ostareliya ya farfashe da ya faɗa rami a gudun kilomita 50 kacal. Gilashin gaba na gaske kuwa gilasai biyu ne da leda a tsakani, domin in ya fashe ya tsaya a manne. Girman fataucin kuma ana iya hango shi daga ƙiyasin da ƙungiyar OECD ta yi tare da ofishin Tarayyar Turai mai kula da haƙƙin ƙirƙira, cewa cinikin jabun kaya iri-iri tsakanin ƙasashe ya kai dala biliyan 464 a 2019, da kuma bayanin Mercedes-Benz cewa a 2021 kaɗai an ƙwace jabun kayansa fiye da miliyan 1.8.

A nan akwai bambancin da tilas a fayyace, domin kada a zalunci 'yan kasuwa na ƙwarai. Kayan da ke kasuwa, ko a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, ko Abossey Okai ta Akara, ba duka ne suka kasu zuwa orijinal da jabu ba. Akwai na kamfanin motar kansa. Akwai na kamfanonin da ke ƙera sassa da sunansu, irin su Bosch da Denso da Brembo da Akebono, waɗanda sau da yawa su ne ke yi wa masu motar. Akwai na masana'antun Sin da Taiwan da Indiya da na Nnewi, masu sa sunansu da adireshinsu a kwali, ingancinsu hawa-hawa ne. Akwai kuma Beljiyam, watau na gaske da aka yi amfani da shi. Duk waɗannan halal ne a sayar muddin an faɗi abin da suke. Jabu shi ne wanda ya sa rigar wani, ya ɗauki sunan da ba nasa ba. Ba kuma laifin wata ƙasa ko wata ƙabila ba ne, zama ƙasar Sin da ake yawan ambata tana ƙera sassa na gaske ga manyan kamfanonin duniya, kuma akwai 'yan kasuwarmu da ke zuwa can da kansu su ce a rage musu inganci a bar musu tambari.

Ɗan kasuwa na ƙwarai ana gane shi ne tun daga maganarsa ta fari. Za ka ga ya zaro kwali uku ya jera a kan kanta ya ce, “Alhaji, wannan na kamfani ne, wannan mai bi masa ne, ga sunan masu shi a jiki, wannan kuwa, tsakani da Allah, ba na ba ka shawara ka sa shi a birki.” Abin takaici, amsar da yakan samu sau da yawa ita ce, “Malam, ba ni mai sauƙin in lallaɓa zuwa ƙarshen wata.” Ban raina matsin da jama'a ke ciki ba, na kuma san faɗuwar naira ta sa kayan mota sun yi tashin da ba a taɓa gani ba; amma lallaɓawa tana da muhallinta. Ana lallaɓa na'urar sanyi da rediyo da fenti da kujera, ba a lallaɓa birki da taya, kuma wanda ba shi da kuɗin nagari a waɗannan, ajiye motar kwana goma ya fi masa alheri.

Shari'a ba ta bar wannan babi a buɗe ba. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa a cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa alhali sama busasshe ne, ya yi masa inkari a kan ɓoye jiƙaƙƙen, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta lissafa algus da tadlisi da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki, kuma malaman fiƙihu sun tabbatar wa mai saye zaɓin mayar da haja in ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa. In wannan shi ne hukuncin jiƙaƙƙen hatsi, wanda iyakar cutarsa asarar dukiya ce, to yaya hukuncin abin da aibinsa ke kai wa ga zubar da jini, alhali kiyaye rai yana cikin larurori biyar da shari'a ta zo domin tsare su? Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuma, gaskiya ne ajali a rubuce yake, amma imani da ƙaddara bai taɓa sauke alhaki daga wuyan wanda ya yi sababi ba. Sayyidina Umar ma, sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa, bai ɗauki hakan gudun ƙaddara ba.

To, yaya mai saye zai yi? Alamomin zahiri suna da amfani gwargwado: farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, kwali mai dusasshen launi ko kuskuren rubutu, lambar kaya da ba ta dace da ta littafin mota ba, rashin alamar hukumar SON, watau SONCAP a takardun kayan waje ko MANCAP a kan na gida, ko rashin harafin E a cikin da'ira tare da 90R a jikin fad ɗin da aka ce na Turai ne, alamar da ke nuna an gwada shi an ga kamunsa bai yi nisa da na asali da fiye da kashi 15 cikin 100 ba. Sai dai masu jabu sun ƙware wajen buga kwali da hatimi, har wani lokaci bakanike mai shekara talatin a sana'a yakan ruɗu. Saboda haka hujja mafi ƙarfi tana ga mai sayarwa. Malaman hadisi, da suka ga ba kowane matani ake gane ingancinsa daga lafazinsa ba, sai suka koma ga isnadi, suka tambayi wa ya faɗa maka, shi kuma daga wa ya ji, har a kai ga asali. Wannan ita ce hanyar da ta dace da kayan da aibinsu ba ya ganuwa. A tambayi mai shago daga wa ya sari, ko shi wakilin kamfani ne ko mai saye daga wakili. A duba ko yana da shago tsayayye wanda ya daɗe a wurinsa, ko yana ba da rasit mai sunansa da sunan kayan da lambarsa, ko ya yarda a rubuta cewa zai karɓi kayan in an tarar ba yadda ya faɗa ba. A tambayi direbobin dogon zango da masu motocin haya, waɗanda ke canja fad da taya a kai a kai, wa suka jarraba suka ga amanarsa. Wanda ya fusata don an tambaye shi asalin kayansa, a bar shi. Wanda kuma ba a san shi ba sai a Facebook ko WhatsApp, ba shago ba adireshi, sai lambar waya da lambar asusu, kada a sayi jakar iska ko kayan birki a hannunsa ko da ya rantse da abin da zai rantse.

Tsakanin mai mota da mai shago kuma akwai bakanike, wanda a hannunsa mafi yawan cinikin ke bi. Da yawansu mutanen kirki ne masu tsare mutuncin sana'arsu, amma akwai mai karɓar kuɗin orijinal ya aiki yaro ya sayo na ƙasa ya riƙe ragowar, akwai kuma mai la'ada a wani shago wanda can kaɗai zai tura ka. Maganin wannan shi ne a biya bakanike ladan aikinsa cikakke ba tare da ƙwauro ba, domin wanda aka matse a kuɗin aiki yakan nemi fansa a kuɗin kaya. A je sayen tare da shi in da hali, a tsaya a ga an ɗaura, a karɓi tsohon da aka cire. Kwalin kayan gaske kuwa a yayyaga shi kafin a yar, domin ana bi gareji-gareji ana tsintar irinsa a sake cika shi da jabu.

Nauyin ya fi tsanani a kan masu motocin haya, waɗanda ke zaune a gida suna jiran balas, su ƙi fitar da kuɗin taya har sai waya ta leƙo, alhali mutum 18 da ke cikin bas ɗin ba wanda aka yi shawara da shi a kan abin da aka ɗaura. Shugabannin tasha suna da ikon da hukuma ba ta da shi, domin su ke ba da layi, kuma da za su hana lodi ga motar da tayarta ta suɗe, su kuma tsayar da 'yan shagunan da suka amince da su su riƙa sara wa 'ya'yan ƙungiya a dunƙule, da farashin nagari ya sauko wa kowa. Wanda kuma ya tarar an sayar masa da jabu, kada ya tsaya ga Allah ya isa kawai ya jefar da kayan a bola. Ya haɗa kayan da kwalinsa da rasit ya kai wa shugabannin kasuwar, ya kai ofishin SON na jiharsa ko hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, domin da kwali ɗaya da rasit ɗaya ana iya bin sawu daga shago zuwa dila, daga dila zuwa siton da sauran dubban ke jibge ba a kai ga sayar da su ba tukuna.